Amsa ga jikata kan addu'ar da ba a buɗe baki

Jikata, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini har sau biyu. Kin ce matasan majami'arku sun yi daren addu'a ba mai cewa uffan: wasu na zane a takarda, wasu sun durƙusa shiru, wasu na taka rawa a hankali, har wani dattijon ikkilisiya ya ce wannan baƙon abu ne, ba addu'a ba. Kina so ki ji ko mu ma mun san irinsa a da.

Zanen dai ban taso na tarar da shi ba. Sauran kuwa da su aka raine mu.

Ke 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiyar da aka fara sujadarta a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Tuna ranar wankin ƙafa. Ki durƙusa gaban 'yar'uwa, ki wanke mata ƙafa, ki share da tawul, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a Yohanna 13. Wace magana ake yi a nan? Na taɓa ganin mata biyu da suka shekara ba sa ga maciji, layi ya haɗa su a kwano ɗaya. Ɗayar tana zuba ruwa, hawayenta na ɗiga a ciki. Ba wadda ta ce "ki gafarta mini", amma tare suka taka zuwa gida. In wannan ba addu'a ba ce, to mene ne sunanta?

Shekarar da kakanki ya rasu, bakina ya mutu. In na durƙusa, ko "Ubanmu wanda ke cikin sama" ba na iya kaiwa ƙarshe. 'Yan Zumuntar Mata suka riƙa zuwa da yamma, su shimfiɗa tabarma, su zauna da ni. Wata ta riƙe mini hannu, wata na ɗan buga tulu ƙasa-ƙasa, ba waƙa, ba wa'azi. A kan tabarmar nan na gane abin da Bulus ya faɗa a Romawa 8:26, cewa ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Ayar na daɗe da haddace ta, amma sai a lokacin ta shiga jikina.

Dattijon naku ba shi ne farkon wanda ya yi wannan kuskure ba. Hannatu na roƙon ɗa a Shilo, leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli firist ya ɗauka ta bugu ne. Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa gaban akwatin alkawari, Mikal ta leƙo ta taga ta raina shi. Maƙwabtanmu 'yan Katolika ma, dubi alamar gicciye da tokar da suke shafawa a goshi farkon azuminsu.

Sai dai kada ku raina tsoronsa, yana da dalili. Na ga rawar kai baiko a majami'a da ta koma nunin sabuwar atamfa, ido na kan jama'a, zuciya ba ta wurin. Yesu ya tsawata wa masu addu'a don mutane su gani, kuma wannan ya shafi mai zane da mai rawa kamar yadda ya shafi mai dogon surutu. In an gama zanen ana rige-rigen ɗaukarsa a waya don a sa a Facebook, to ku tsaya ku tambayi kanku wa aka yi wa shi. Kuma kada shirun ya kori Kalmar Allah: a karanta Zabura ko ɗaya ce kafin a fara, domin zuciya ta sami abin riƙewa.

Ku je gidan dattijon ku biyu ko uku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku roƙe shi ya zo ya buɗe muku taro na gaba da karatu, ya zauna har a tashi. Zanen da kika yi a daren nan kuma, ki taho mini da shi in kin zo Kirsimeti, ina so in gani da idona.