Tambaya da Amsa: Tsohuwar OptiPlex 780 za ta ɗauki Core i5?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Funtuwa. Kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 780 ce 'yar gwanjo, furosesanta Pentium E5300, ram ɗinta giga 2. Yanzu ta yi nauyi ƙwarai, in na buɗe CorelDRAW da intanet tare sai ta tsaya cak, ga mai aiki a tsaye yana jira. Wani ya ce in sayo Core i5 a sa mata. Zai yiwu? In ba zai yiwu ba, wanne ne mafi ƙarfi da za ta ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Don Allah kada ka sayi Core i5 ɗin nan, kuɗinka kawai za ka zubar. OptiPlex 780 ta fito ne a 2009, kuma mazaunin furosesanta, wato soket, shi ne LGA775. Core i5 na farko mazauninsa LGA1156 ne, na 2011 kuma LGA1155. Adadin ƙafafunsu daban. Ba maganar gwanintar mai gyara ba ce, ko wa ka kai wa ba zai zauna ba. Wanda ya yi ƙoƙarin cusa shi kuwa zai lanƙwasa siraran ƙafafun da ke cikin soket ɗin, madabod ta tafi ke nan.

Bayan irin Pentium ɗinka, manyan dangin da kwamfutarka ta sani su ne Core 2 Duo da Core 2 Quad. Naka na yanzu ƙwaƙwalwa biyu gare shi, gudunsa gigahaz 2.6, ma'ajiyarsa ta kusa mega 2 kacal. In ka sa Core 2 Duo E8400, ka samu gigahaz 3.0 da ma'ajiya mega 6, kuma wutar da yake ci daidai take da ta naka, wat 65. Ni shi na fi sa wa mutane, domin yana da yawa a wajen masu sayar da kayan kwamfuta na hannu, ba tsada, kuma ba ya neman a canza masa komai. Yayansa E8600 yana gudun 3.33, amma tazarar ba ta kai ka yi ta yawon nemansa ba.

Iyakar da za ta kai shi ne Core 2 Quad Q9650: ƙwaƙwalwa huɗu, gigahaz 3.0, mega 12. Ƙasa da shi kaɗan akwai Q9550 mai 2.83, sai Q9400 mai 2.66. A nan ne nake so ka tsaya ka duba jikin kwamfutarka, domin ba ka faɗa mini girman akwatinta ba, alhali 780 iri huɗu ce. Akwai doguwa mai tsayuwa, akwai mai kwanciya, akwai siririya da ake kira SFF, sai 'yar mitsitsiya USFF. Masu ƙwaƙwalwa huɗun nan wat 95 suke ci, ƙarin wat 30 ɗin kuwa zafi ne tsagwaronsa. Doguwar da mai kwanciyar ba su da damuwa. Siririyar tana ɗauka, amma fawa-fak ɗinta wat 235 ne, cikinta kuma a matse yake. 'Yar mitsitsiyar kada ma ka gwada, ka bar ta a masu wat 65.

Ka tuna an ƙera waɗannan injuna ne don ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki. Shagonka a watan Afrilu wani labari ne daban. Na sha buɗe siririyar 780 bayan hunturu in tarar ƙura ta yi dam a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi, kamar an liƙa bargo, fanka na ta ihu amma iska ba ta wucewa. Furosesa in ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sau da yawa nauyin da mai kwamfuta ke kuka da shi daga nan yake. Don haka kafin ka sayi komai, buɗe ta, hure ƙurar, goge tsohon man da ya bushe a kan furosesan, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa.

In ka yanke shawarar canzawa, sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, tun tsohon furosesan yana ciki. Ka yi shi a kan UPS ko janareta mai cikakken mai, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, kwamfutar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Amma gaskiyar da nake so ka riƙe ita ce, a cutar da ka bayyana, furosesa ne na uku a layi. Giga 2 ne ke shaƙe ka. Ramukan ram huɗu ne a cikinta in ba 'yar mitsitsiyar ba ce, kuma DDR3 take ci. Kai ta giga 8. Sai dai akwai tarko a nan: in za ka sayi mai giga 4 a sanda ɗaya, nemi mai ƙwayoyi 16, takwas gaba takwas baya. Mai ƙwayoyi takwas a fuska ɗaya yawanci ba ta karɓarsa, sai dai ka ji tana ƙara allo baƙi ƙirin. Tafi da kwamfutar shagon a gwada a gabanka. Sannan Windows ɗinka ya zama mai 64-bit, domin mai 32 ba ya amfani da fiye da giga uku da 'yan kai.

Bayan ram sai SSD a madadin tsohon faifan nan mai juyawa. Ko da yake mahaɗar 780 SATA II ce, ba za ta bar shi ya saki gudunsa duka ba, bambancin da za ka gani wajen tashi da buɗe fayil ya fi na kowane furosesa. Canza 'yar batir ɗin madabod ma, CR2032, in agogo yana ɓacewa.

Kada kuma ka narka mata kuɗi da yawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sabon Windows 11 kuwa, daga bugun 24H2, ba ya tashi sam a kan dangin Core 2. SSD ɗin dai zai bi ka zuwa duk kwamfutar da ka saya nan gaba.

TAMBAYA: Malam, tawa OptiPlex 790 ce mai Core i3-2100. Na ga i7-3770 soket ɗinsu ɗaya, in saya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: A'a 'yar'uwa, dakata. Soket ɗin ɗaya ne, LGA1155, zai zauna daram, amma 790 zuriya ta biyu kaɗai take ganewa, ba za ta tashi da shi ba. OptiPlex 7010 ce ke ɗaukar i7-3770. Ke iyakarki i7-2600, kuma i5-2400 mai ƙwaƙwalwa huɗu ya ishe ki aikin makaranta, ga shi ya fi sauƙin kuɗi.