Haƙori zai iya faɗin shekarun yaro?

Hajiya, kin ce marainiyar da kika ɗauko daga ƙauye ba ta da takardar haihuwa, makaranta kuma a Tudun Wada na neman shekarunta. E, haƙori na taimakawa, amma kintace ne, ba zai ba ki ranar haihuwa ba.

Fara da buɗe bakinta a gida. Haƙoran yarinta 20 ne, sukan cika wajen shekara 3. Famfara kan fara wajen shekara 6, lokacin ne kuma turmin farko na dindindin ke hudowa can ƙurya, bai ture kowa ba, shi ya sa iyaye ba sa lura da shi. Turmi na biyu sai wajen 12.

Hoton X-ray na baki ya fi ido, don yana nuna haƙoran da ke kwance cikin dasashi da yadda saiwarsu ta kai. Likitoci kan bi tsarin wani masani mai suna Demirjian na 1973: a duba haƙora 7 na muƙamuƙin ƙasa, ɓangaren hagu, a ba kowanne mataki daga A zuwa H, a haɗa maki, daga jimillar a kintaci shekaru. Sai dai da yaran Kanada aka gina ma'aunin, ba namu ba, don haka kuskuren shekara guda sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne.

Ni dai da ni ce, sai na fara tambayar dattawan ƙauyen: da wace damina aka haife ta, kafin azumi ko bayan Sallah? In ya gagara, ki kai ta sashen haƙori na asibitin koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya, sannan ki nufi Hukumar Ƙidaya don takardar.