Daurar hadda ta kwana ko sansanin kwamfuta: ina zan tura yarana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 14. Dogon hutu ya zo, ga daurar hadda ta kwana (wato gajeren kwas na haddar Alƙur'ani) a wani gari, ga sansanin koyon kwamfuta na jeka-ka-dawo a unguwarmu. Wanne ya dace a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun halal ne a asali. Sai dai sunan daura ba ya tsarkake wuri. Abin dubawa shi ne hannun da za ka danƙa wa amanar, domin Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa.

Ita yarinyar, in ta balaga, ba ta yin tafiyar yini da dare sai da muharrami. Rangwamen da Malikiyya suka yi na amintacciyar tawaga, a hajjin farilla ne. In ka kai ta da kanka, kuma mata zalla ke kula da makwancinsu, babu laifi. In ba haka ba, bar ta a gida.

Yaron kuwa, kada ka biya ko sisi sai ka taka ka ga ɗakin kwana da idonka. Hadisin Abu Dawud ya yi umarni a raba makwancin yara a shekara 10. Kowa da katifarsa, ba a cusa ɗan shekara 9 ɗaki ɗaya da 'yan 16, kuma babba amintacce ya kwana kusa, don ɓarna kan faru bayan an kashe fitila. Duba gidan sauro da ruwan sha. Damina ce, lokacin maleriya da kwalara.

Karɓar kuɗin koyar da Alƙur'ani ya halatta, amma ijara ce, wato aiki don lada, dole a san kuɗin da kwanakin tun farko. Ka yi hattara da mai alƙawarin izu 10 a mako huɗu. Izu ɗaya kusan shafi 10 ne. Mai haddace shafi guda kullum izu biyu zuwa uku zai samu, ƙari a kan haka ba tare da muraja'a (wato bita) ba zubewa yake yi.

Na fi karkata ga na unguwa: hadda da safe wurin malaminsu, kwamfuta da hantsi, da sharaɗin ana tsayawa sallar Azahar kuma ana sa ido kan abin da suke buɗewa a intanet.

Allah ne mafi sani.