Tangaran ɗin Faransa da fastar jirgin ƙasa da muka gada: mu sayar ko mu ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakarmu ce Allah ya yi wa rasuwa wata uku da suka wuce a nan Gombe, da muka zo kwashe ɗakinta sai muka tarar da wasu farantan tangaran guda tara a can ƙasan jerenta, takwas farare ne masu zaren ruwan gwal a baki an rubuta Limoges France a gindinsu, ɗaya kuma mai kauri ne da zanen wani mutum mai hula da buje an rubuta Henriot Quimper. Akwai kuma wata babbar takarda a nannaɗe cikin akwatin kakanmu wanda ya yi aikin reluwe, hoton teku ne da duwatsu da haruffa PLM, Inna ta ce wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa. Yanzu wani dillali ya matsa a sayar masa duka a dunƙule. Kayan nan suna da daraja ne ko kuwa tarkace ne kawai? Daga 'yar'uwarku a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. Abu na farko, don Allah ki ce wa dillalin nan ya dakata. Kayan nan gado ne, na magada ne gaba ɗaya, kuma ba a yi wa abu kuɗi tun ba a san ko mene ne shi ba.

Mu fara da masu Limoges ɗin. Mutane da yawa suna ɗauka sunan kamfani ne, alhali gari ne a tsakiyar Faransa. A 1768 aka gano wata farar ƙasa mai suna kawolin a kusa da garin, zuwa 1771 aka fara yin tangaran da ita, daga nan masana'antu suka yi ta buɗewa har suka yi yawa, kowacce da tambarinta. To kin ga kalmar Limoges kaɗai ba ta gaya mana wanda ya yi ba, sai kin sake kifa farantin kin duba da kyau, sau da yawa za ki ga tambari biyu, kore na waɗanda suka gasa farantin, da ja ko wani launi na waɗanda suka yi masa ado daga baya. Kalmar France da kika gani ita ma tana magana, don wajajen 1891 ne aka fara yawan saka ta bayan Amurka ta yi dokar cewa duk kayan da za a shigo mata da su sai an rubuta ƙasar da aka yi su, saboda haka da wuya naku su girmi wannan lokacin. Da daddare ki haska tocilan waya ta bayan ɗaya, in na gaske ne za ki ga haske yana ratsowa har inuwar yatsunki ta fito.

Gaskiya ba zan sa miki dogon buri a kan waɗannan takwas ɗin ba, an yi irinsu da yawa ƙwarai, kuma kamfanonin Faransa irin su CFAO sun daɗe suna kasuwanci a Arewa, ba abin mamaki ba ne a same su a ɗakin tsohuwa. Darajarsu tana ƙaruwa ne in saiti ne cikakke, babu tsaga babu ɓalli, gwal ɗin bai goge ba.

Na taran nan shi ya fi jan hankalina. Quimper gari ne a yankin Biritani can yammacin Faransa, tun 1690 suke wannan sana'a. Shi ba farar ƙasa ba ce, yumɓu ne irin na tukwanenmu aka lulluɓe shi da farin ruwan gilashi mai kuza a ciki, shi ya sa ya fi kauri kuma haske ba ya ratsa shi, in akwai ɗan wurin da ya ɓalle za ki ga cikinsa ƙasa-ƙasa. Mutumin da ke jiki manomin yankin ne cikin kayan gargajiyarsu, da hannu ake zana shi, in kin ƙura ido za ki ga sawun buroshi, wani wuri launin ya yi kauri wani wuri ya yi ruwa-ruwa. Henriot sunan masana'antar da ta yi shi ne, an fara rubuta shi cikakke haka daga 1922, a 1968 kuma suka haɗe da abokan gasarsu masu tambarin HB. Amma kar a ci abinci a cikinsa, tsofaffin kaya irin wannan ana samun dalma a ruwan gilashinsu, musamman in an zuba abu mai tsami kamar kunun tsamiya ko zoɓo. Wanki kuma ruwa mai ɗan ɗumi da tsumma mai laushi ya isa, ban da soson ƙarfe, ban da toka, ban da bilic.

Sai takardar, wadda ita ce nake jin tsoron a lalata kafin amsar nan ta iso gare ki. PLM kamfanin jirgin ƙasa ne da ke ɗaukar mutane daga Paris ya bi ta Lyon har gaɓar Bahar Rum, an kafa shi 1857, ya kuma daina aiki da wannan suna da aka haɗe jiragen ƙasan Faransa a ƙarƙashin SNCF, kamfanin reluwe na ƙasar baki ɗaya, ranar 1 ga Janairun 1938. Irin waɗannan fastoci talla ne ake liƙawa a tasha don a kwaɗaita wa mutane tafiya hutu, in lokacinsu ya wuce a yage a manna wasu, wannan ne dalilin da ya sa na asalin suka yi ƙaranci har masu tarawa ke rububinsu a wuraren gwanjo na Turai da Amurka. Wani mai zane Roger Broders ya yi wa PLM da yawa tsakanin 1922 da 1932, ki duba kusurwa ko akwai sa hannu.

Sai dai fa an sake buga hotunan nan ba iyaka daga baya, kuma layin dogo bai iso Bauchi da Gombe ba sai farkon shekarun 1960 kafin ya kai Maiduguri a 1964, wato in a wannan layin kakanku ya yi aiki, lokacin da Baturen ya ba Baba takardar, jiragen PLM sun fi shekara 20 da daina aiki, takardar tana iya zama ta asali da ya taho da ita, tana iya zama kwafi. Ki auna ta, na asali galibi wajen santimita 100 ne a tsaye da 62 a kwance. Ki duba can ƙasa a gefe akwai ƙananan rubutu na sunan maɗaba'ar da ta buga. Sannan ki kusantar da kyamarar waya ki zuƙo hoton sosai, na da da dutse ake buga su launi bayan launi, za ki ga launin a shimfiɗe ko da ɗan tsakuwa-tsakuwa marar tsari, in kuwa kika ga ɗige-ɗige a jere reras kamar hoton kalanda to bugun baya ne.

Ko wanne ne, kar ki kai ta situdiyo a yi mata leminetin ko a manna ta a katako, wallahi na ga takardun tarihi da aka kashe da wannan gatan kuma ba a iya cirewa. Kar a sa salatif a inda ta yage. Da hunturu takarda kan bushe ta riƙa karyewa, kar ki buɗe ta da ƙarfi, a hankali a kan gado ki ɗora littattafai a kusurwoyi ta kwanta da kanta. Ki ajiye ta a kwance tsakanin farin yadi mai tsabta, ba jarida ba, nesa da rana da bangon da ke jiƙa da damina, a kuma ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.

Ki ɗauki hoton gaba da baya da kowane tambari, ki kuma zauna da Inna ki rubuta abin da ta tuna, shekarar da Baba ya yi aiki da tashar da ya zauna, masu saye na gaske suna tambayar wannan. In hanya ta kai ki Jos ki shiga gidan tarihi da hotunan ki nuna wa ma'aikata, suna da sashen tukwane babba. Ki turo min hoton kusurwar fastar da gindin farantin nan na tara, in sha Allah zan duba mu ƙarasa maganar a fitowa ta gaba.