Maƙwabci ya cinye magudanar ruwa da gini: ina za a kai kuka?

Malam, ka ce maƙwabcinka a Kano yana tayar da bene hawa uku, ya toshe kwalbatin layinku, tagoginsa kuma suna leƙen tsakar gidanka, kana tambaya ko ƙaramar hukuma za ta iya tsayar da shi.

A cikin birni ba huruminta ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara ne ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. Izinin gini a Kano na hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA, ita ke shafa jan fenti a bango ta dakatar da aiki.

Fara da mai unguwa, wataƙila a sasanta a ɗaga tagogin. In abin ya faskara, ku rubuta koke, duk wanda ruwan zai shafa ya sa hannu, ku haɗa da hotunan kwalbatin. Ku kai ofishin KNUPDA, a buga muku hatimi a kwafinku. Ku ƙarfafa batun ambaliya da cin hanya, don a ganina ya fi saurin motsa jami'ai.

Mutane kan yi shiru don kunya har a zuba kankaren bene, sannan gyara ya yi wuya. Kada kuma maƙwabcin ya rufe maka baki da takardar mallakar fili. Ita daban, izinin gini daban. Kada ku rushe komai da hannunku, laifin zai dawo kanku.

In rigimar iyaka ce, nemo safiyo mai rajista. In hukumar ta yi biris, lauya zai nema muku umarnin kotu na dakatar da ginin.