Harajin da ke jiran mai gidan haya ranar sayarwa

Ɗana, ka tambaye ni game da mutumin da zai sayar da gidansa na haya, wanda aka ba shi shawara ya daina cire ragin tsufan gini (wato kason kuɗin ginin da doka ta yarda a cire kowace shekara daga kuɗin hayar da ake biya wa haraji), wai don kada IRS, hukumar harajin Amurka, ta caje shi haraji a kan ragin ranar sayarwa. Ka gaya masa kada ya kuskura. A dokar Amurka, ragin da ya cancanta ake lissafawa, ko ya cire ko bai cire ba. Wanda ya bari ya yi biyu babu ke nan: bai more ragin ba yana karɓar haya, ga kuma harajin yana jiransa.

Ɗauki biro. A ce ya sayi gidan dala 330,000, fili ya ci 55,000, gini 275,000. Fili ba ya tsufa, don haka gini kaɗai ake rabawa kan shekara 27.5, wato dala 10,000 kowace shekara. Bayan shekara 10 ya cire 100,000, darajar gidan a littafi ta koma 230,000. Idan ya sayar 400,000, ribar 170,000 ce. Dala 100,000 na ciki su ne ragin da ake mayarwa, harajinsu yakan kai kashi 25 cikin 100. Sauran 70,000 suna bin harajin ribar kadara na 0, 15 ko 20.

To ina mafita? Babbar hanya ita ce sashe na 1031 na dokar harajin Amurka: ya musanya gidan da wata kadarar haya ko ta kasuwanci. Amma ka tsaya masa a kan ƙa'ida, domin nan mutane suke faɗuwa. Kwana 45 yake da su ya bayyana sabuwar kadarar a rubuce, kwana 180 ya kammala saye, duk daga ranar da ya sayar. Kuɗin kuma kada su taɓa shiga asusunsa. Wani amintaccen mai shiga tsakani ne zai riƙe su, kuma dole a ɗauke shi kafin a rufe ciniki. Duk abin da ya cire ya sa aljihu, za a caje shi haraji a kai. Ka kuma faɗa masa gaskiya: wannan ɗage biya ne, ba yafewa ba. Sai dai idan ya riƙe kadarar har rai ya yi halinsa, magada za su gaje ta bisa farashin kasuwa na ranar rasuwa, tsohon ragin kuma ya shafe.

Zai ce maka ai zai koma cikin gidan ya zauna shekara 2. Sashe na 121, wanda ya shafi gidan da mutum ya zauna a ciki, yana yafe harajin riba har ta dala 250,000, ko 500,000 ga ma'aurata, amma bai shafi ragin da aka cire bayan 6 ga Mayu 1997 ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne aikin takarda, domin nan ne gwani yake ceto kuɗin mutane. Nemi rasidin sabon rufi, na'urar ɗumama gida, ɗakin da aka ƙara, da ladan dillali. Duk suna rage ribar. Duba fom 8582 na IRS, inda ake lissafa asarar haya, na shekarun baya, ko akwai asarar haya da aka hana shi cirewa, domin ranar da ya sayar da gidan gaba ɗaya ga wanda ba danginsa ba, asarar nan takan saku. Idan kuwa ka tarar shekara da shekaru bai taɓa cire ragin ba, fom 3115 zai ba shi damar karɓar abin da ya wuce shi a shekara guda. Kira shi gobe ya kawo takardun sayen gidan tun kafin ya sa hannu a yarjejeniya da mai saye.