Tambayi Likita: Ciwon Kai, Dannau Da Motsin Dare A Tsohon Gida

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga mazauna tsofaffin gidajen da maƙwabta ke cewa akwai aljanu a ciki. Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali, don Allah kowa ya karanta ta.

Likita, da dare muna jin ƙas-ƙas a saman rufi kamar ana tafiya.

Malam, katako da kwanon rufi suna buɗewa da zafin rana, su tsuke idan dare ya yi sanyi, shi ne ƙarar da kake ji. In ba su ba, ɓeraye ne ko jemagu. A leƙa cikin silin da rana. Kada kowa ya kama jemage da hannu, kuma wanda ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu, a tafi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare.

Tun da na tare, ina farkawa in ji an danne mini ƙirji, ba na iya motsi ko ihu.

Dannau ke nan, 'yar'uwa. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in hankali ya riga jiki farkawa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna, kuma ba ya kisa. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ki gwada kwanciya ta gefe. Idan ya yawaita, ko barci yana sace ki da rana, ki ga likita.

Ni da maigida da yara kullum da ciwon kai muke tashi, ga jiri, ƙaramin har amai yake yi. Ina ganin inuwar mutum a bakin gado. In mun kwana a wani wuri sai mu warware. An ce mu rufe tagogi ruf, mu bar turare a kan garwashi har asuba. Janareta kuma a cikin gida muke kunna shi.

Malama, daren yau kada ku kwana a haka. Ku fitar da garwashin, ku kashe janaretan, ku buɗe ƙofa da tagogi, ku tafi asibiti gaba ɗayanku, ku faɗi abin da kuke kunnawa.

Duk abin da ke ci da wuta inda iska ba ta wadata ba, gawayi ne, kananzir, gas ko fetur, yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sama da sau 200, sai ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take rayuwa da shi. Farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai ruɗewa da gane-gane, sai suma. Mai barci ba ya ma sanin tana shigarsa. Jarirai da masu juna biyu ta fi saurin kayarwa.

Ki duba abin da kika rubuto da hannunki: kowa a gidan yana ciwo lokaci guda, kuna fita kuna samun sauƙi. Wannan ita ce alamar da muke nema.

A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka koma tsohon gida. Suna jin takun sawu, suna ganin mutane a kusa da gado, yara suka rasa kuzari, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ke zuba hayaƙi cikin ɗakuna. Da suka daina shaƙar hayaƙin, gane-ganen suka tsaya.

Shawarar da aka ba ki ta ɓata mini rai ƙwarai. A ce wa uwa ta toshe taga ta kwana da yara da garwashi! Wallahi da irin wannan ake wayar gari a tarar da gida guda ba mai numfashi, sannan a ce aljanun gidan ne suka yi. Ban hana ki addu'a ba, ki yi ta safe da yamma, amma taga a buɗe, wuta a waje. Janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan iskar ta taru, in da hali ku saka kusa da ɗakin kwana. Duk wanda ya suma ko maganarsa ta rikice, a fitar da shi waje, a garzaya asibiti. Kada a tsaya shafa masa komai.

Ɗana yana tari da dare kawai, a ɗakin da bangonsa ya yi baƙi-baƙi.

Funfuna ce, danshi ya kawo ta, kuma tana tayar da asma. A sauya masa ɗaki, a gyara yoyon. In numfashinsa yana fito ko haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti nan take.

'Yata mai shekara biyu tana ɓantarar tsohon fenti tana ci, wai su ne ke sa ta.

Ba kowa ke sa ta ba, Malama. Yara kan yi haka, musamman masu ƙarancin jini. Abin tsoron shi ne tsohon fenti kan ƙunshi dalma (Amurka sai a 1978 ta hana shi a gidaje), ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da wata alama ba. Ki raba ta da bangon, ki riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kankare fentin a bushe. Ki kai ta a auna jininta cikin makon nan.